Asibi Mai Ƙarasa Ɗinkin Matattu

A unguwar Magajiya, zamanin da garin nan ke amsa sunan Abuja, Turawa na can bariki suna mulkinsu, akwai wata danga da mace ba ta wucewa ba ta saci kallonta ba. Dangar Asibi ce. In aka ga bargo a shanye a kanta, rabi ɗinkakke rabi a buɗe, auduga na leƙowa ta gefe, to mai shi ta rasu. Ba a buƙatar mai shela. Sau ɗaya aka taɓa shanya na mai rai a wurin, kuma da gangan aka yi.

Asibi 'yar manomi ce daga bayan gari. Ran Asabar aka haife ta, aka ce Asibi, kowa ya koma gona. Tun tana ƙarama hannunta bai jitu da allura ba, kuma a lokacin wannan abin kunya ne, don kowace matar aure a unguwar tana da bargon da take ɗinkawa. In zannuwa sun tsufa ba a yar da su. A yanko inda yake da sauran ƙarfi, a harhaɗa faci-faci, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi da allura layi bayan layi har ya kama jikinsa. Aiki ne na shekaru, ana yin sa tsakanin daka da girki da goyo. Asibi ta fara nata tana amarya, layukan suka fito kamar sawun kaza. Aka yi mata dariya, ta cusa shi ƙarƙashin gado, ba ta ƙara waiwayarsa ba.

Mijinta Dogara yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Bama. Da ya dawo, ya dawo da keken ɗinki na hannu, baƙi wuluk da zanen ruwan zinariya a wuyansa, irin wanda ake juyawa da dama ana tura yadi da hagu. Niyyarsa ya zama tela a kasuwa. Amma da ya juya keken ya fara tat-tat-tat, sai gumi ya karyo masa, ya tashi ya fita waje ya tsaya yana kallon katanga. Wata rana ya ce zai je Minna neman aikin reluwe. Abin da ya dawo daga Minna saƙon saki ne a bakin wani direba. Keken kuwa bai ce a aika masa ba.

Ita kaɗai ta koya. Ta karya allurai, ta ɗinke yatsarta da yadi, ta ciro, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba. Da ta iya, sai ta tarar ba mai kawo mata aiki. Riga da wando na telolin kasuwa ne, maza. Bargo kuma, mace mai rai da lafiya ta kai nata a yi mata da keke, kamar ta sayo wa miji tuwon kasuwa ne.

Mutuwa ce ta buɗe mata kasuwa. Wata maƙwabciya ta rasu wurin haihuwa, ta bar bargo rabi da allura a soke. Duk wadda ta ɗauka a gidan sai kuka, telolin kasuwa kuma suka ce su ba sa taɓa tsumman mata. Aka kawo wa Asibi. Kafin sadakar bakwai ta gama, aka lulluɓe jaririn da shi. Daga nan duk wadda ta tafi ta bar ɗinki, gidan Asibi ake nufa da shi. Malamai suka ce babu wannan a littafi, camfi ne. Mata suka ce to, suka ci gaba.

Tana da tsarinta. Da farko ta shanya a kan dangar waje, ya sha rana, warin jinya ya fita. Sannan ta sa reza ta farke duk ɗinkin hannun, don keke ba ya hawa kan ƙulli, zare yake tsinkewa. Tana farkewa tana magana, ko da kowa ko ba kowa.

"Dubi wannan. Allah ya jiƙanta, amma ragguwa ce."

"Wannan kuma rowa. Auduga kamar ana awon magani."

Su ne dai matan da suka yi mata dariya. Yanzu ɗaya bayan ɗaya suna shigowa gidanta a ƙunshe, ba mai bakin ramawa. Ba ta taɓa cewa tana jin daɗi ba. Amma ranar da aka kawo sabon ƙunshi, miyarta takan yi daɗi.

Mutum ɗaya ce ta hana ta sakewa. Luba. Ta girmi Asibi, kuma kaf Magajiya ba mai hannunta. Jan zare take ɗinki da shi don kowa ya gani, taku ƙanana a jere kamar tururuwa sun sami sukari. A bakin ƙofa take zama da bargonta a cinya, mata na wucewa suna tsayawa. Wanda take yi a shekarun nan babba ne, da wata koriyar atamfa mai zanen kifi a tsakiya, ta aurenta ce, ba wanda bai san ta ba.

Wata rana a wurin suna, gidan Maiturare mai sayar da turaren wuta, wata baƙuwa ta tambaya wace ce telar da ake faɗa. Luba ce ta amsa, ba ta ko ɗaga kai daga kwanon shinkafa ba.

"Ku daina ce mata tela. Niƙa take yi. Juya hannu ne kawai, ko jaki aka ɗaura zai iya."

Aka kwashe da dariya.

"Abin da take niƙawar ma ragowar matattu ne."

Asibi ta haɗiye lomar da ke bakinta. "Yaya Luba, naki ma yana nan zuwa."

"Nawa? Ni ba na barin aiki rabi, yarinya. Sai na ƙulle zaren ƙarshe za a yi min sallama."

Har 'yan mata a bakin rijiya suka ɗauka, in Asibi ta zo sai wata ta riƙa juya hannu a iska. Asibi ta yi kamar ba ta gani. Shekaru suka wuce, maganar na nan a ƙirjinta, ko ƙura ba ta hau ba.

Sai wata safiya Luba ta faɗi a gindin turmi. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. 'Yarta Asama'u ta zo ta ɗauke ta zuwa gidan mijinta can Bagama. Matan Magajiya suka je dubiya sau ɗaya, damina ta sauka, hanya ta yi taɓo, ba wadda ta koma.

Bayan an yi girbi, wata rana da hantsi Asama'u ta yi sallama gidan Asibi, goyo a baya, ƙunshi a ka. Tana saukewa, koren kifin ya leƙo. Asibi ta miƙe tsaye.

"Asama'u, ba dai..."

"A'a, Iya, tana nan da ranta. Sanyi ne ke tahowa, zane ɗaya take rufa da shi. Ki ƙarasa mata."

"Ta sani?"

"Tana gyangyaɗi na zare shi." Ta share gumi da bakin mayafi. "Da hagu take yi yanzu. Ta soki yadi, ta soki kanta, jini duk a jiki. Motsi kaɗan, Asama'u zo ki sa min zare. Ga goyo, ga girki, ga wankinta. Na gaji, Iya. Amma don Allah a ciki za ki shanya. Kin san mutane."

"Na san mutane," in ji Asibi.

Akwai igiya a tsakar gidanta, daga gindin gwanda zuwa rumbu, rana na dukanta sosai. Bayan fitar Asama'u, Asibi ta tsaya da bargon a hannu tana kallon igiyar. Sannan ta fita waje ta baza shi a kan danga, ta gyara shi yadda kifin zai kalli hanya.

Maiturare ce ta fara gani, tana dawowa daga talla. Ta sauke tire.

"Asibi, wannan ba na Luba ba ne?"

"Nata ne."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

"Ɗazu 'yar ta kawo."

Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ta riƙa gaya wa kanta ke nan tana ɗaura ɗankwali, don bayan azahar matan unguwa sun haɗu za su Bagama gaisuwa, ita ma ta yafa mayafi ta shiga cikinsu. A hanya ana ta mita. Asama'u ba ta kyauta ba, a binne mace irin Luba ko aike babu. Wata ta ce ai tun ranar da ta gan ta ta san ba tashi za ta yi ba. Wata ta riƙo ƙwaryar gero na sadaka. Asibi na biye da su a baya.

Tun daga zaure Maiturare ta ɗaga murya. "Salamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Luba, ya sa ta huta."

"Amin, amin," sauran suka amsa wa kansu, suka kutsa ciki.

Luba na nan zaune a rana, an jingina ta da bango, hannun dama a cinya kamar na aro. Asama'u na tsugune tana wanke-wanke, kwano ya suɓuce mata. Ba wadda ta yi ihu. Kaji na ta tono a tsakar gida.

Luba ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Da farko fuskarta ta yi haske, ɓangaren da ke iya haske. Ta ga ƙawaye. Sannan ta ga ƙwaryar gero, ta ga jajayen idon Maiturare. Da ƙyar ta juya harshe.

"Wa... ya mutu?"

"Dubiya muka zo, Yaya," in ji Maiturare. "Ya jiki?"

"Sunana... na ji."

Mai ƙwarya ta yi ƙoƙarin ɓoye ta a bayan zane, geron ya zube, kaji suka rufa a kai. Can baya wata ta kasa riƙewa, dariya ta ƙwace mata ta hanci, ta toshe baki, wata ta kama. Idon Luba ya zagaya ya tsaya kan Asibi. Ta daɗe tana kallonta.

"Bargona."

"Inna, sanyi zai kashe ki," in ji Asama'u. "Ni na kai. Iya, ban ce a ciki ba?"

"Igiyar ciki ta tsinke," in ji Asibi. Wannan kam ƙarya ce, kuma ta fito sumul.

"Ba ni... abina."

"Na riga na farke, Yaya Luba."

Ba ta farke ba. Tana komawa gida ta janye shi daga danga, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko reza. Ta saba tana farka tana zagi, amma wannan karon ta buɗe baki ba ta sami abin faɗa ba. Jan zaren ya kwanta a jikin yadi kamar tare aka saƙa su, bakin reza ma da ƙyar yake samun wurin shiga. Ta bi layi bayan layi har ta iso inda hannun dama ya tsaya na hagu ya karɓa. Nan ne ta yi murmushi. Taku manya, a karkace, da ɗigon jini da ya bushe. Sawun kaza, irin nata na da. Amma da ta ƙara gaba, murmushin ya tafi. Layi na gaba ya fi na baya. Na gabansa ya fi shi. Na ƙarshen, inda allura take a soke, ya kusa miƙewa. Matar nan koyo take, kuma tana iyawa. Da an bar ta wata damina, da ta dawo bakin ƙofarta.

Asibi ta sa reza ta fara da wannan layin.

Kwanakin da suka biyo, duk wanda ya bi ta lungun yana jin keke. Labari kuwa ya riga ya zaga gari, har kasuwa, har bakin rafi wurin masu wanki: matan Magajiya sun je ta'aziyya, mamaciyar ta tambaye su wa ya mutu. Ba a san wadda ta fara cewa Marigayiya ba. Kafin Juma'a sunan ya zauna.

Ran da Asibi ke kan gefen ƙarshe, ta ji hayaniya a waje, mata na kiran 'ya'yansu su shigo, wasu na dariya ƙasa-ƙasa. Sai ga Luba a bakin ƙofa, ta rataya a kafaɗar Asama'u, tana jan ƙafa ɗaya. Da ƙafa ta zo tun daga Bagama, ana tafiya ana zama. Zanenta duk ƙasa. Asama'u ta zaunar da ita a kan turmi, ita ta juya baya tana kallon gwanda.

Luba ta kalli bargon. Farin zare, layuka a miƙe ƙyam, duk tsawonsu ɗaya. Ja ko ɗaya babu. Abin da ya rage buɗe bai fi taƙi ɗaya ba, daga babban yatsa zuwa na tsakiya.

"Bar min... wannan."

"Me za ki yi da shi, Yaya?"

"In zauna... bakin ƙofa. Su gan ni... ina yi."

Asibi ta gane sarai. In aka ga Luba da allura a hannu, ko da hagu ne, ko da taƙi ɗaya ne, maganar ta mutu. Mai ɗinki ba matacciya ba ce. Ta ɗora hannu a kan abin juya keken, ba ta juya ba.

"Me nake yi a nan, Yaya Luba? Niƙa?"

Luba ta motsa baki. Yawu ya gangaro ta gefen da ya karkace, ta goge da hagu.

"Ɗinki."

"Ban ji ba. Kin san bakin naki."

"Iya, ki ji tsoron Allah," in ji Asama'u, ba ta juyo ba.

"Ke da kika sato shi tana barci? Yi min shiru. Yaya, me nake yi?"

"Ɗinki... kike. Tela ce... ke."

Shekara da shekaru Asibi na jiran wannan kalma. Ta zata za ta yi zaƙi. Amma a tsakar gida aka faɗe ta, ba taro, ba shinkafar suna, ba matan da suka yi dariya, kuma daga bakin da ba ya iya riƙe yawunsa. Wannan ba Lubar da ta zage ta ba ce. Waccan ta tsere ba ta biya ba, ta bar mata wannan. Wani haushi ya taso mata, ya fi na da.

"To tela ba ta mayar da aiki rabi," ta ce.

Ta juya. Tat-tat-tat. Kafin Luba ta gama miƙa hannun hagu, an kai ƙarshe. Asibi ta ciji zare, ta ninke bargon, ta ɗora mata a cinya.

"Ki rufa da kyau. Bana an ce za a yi sanyi."

Luba ba ta mutu a sanyin ba, ba ta mutu a na gaba ba. Ta ma ɗan warware, har tana zuwa bayi da sanda. Amma sunan bai sake ta ba. Ba a kai mata goron suna, ba a gaya mata biki. Mai ciki ba ta yarda ta zauna kusa da ita. In ta miƙa wa jikokinta ƙuli-ƙuli, maƙwabta su ce a yar. Ta nemi a yanko mata wasu tsummoki ta fara wani, mijin Asama'u ya ce a'a, wancan ma ya isa abin magana, kada a sake tara masa mata a gida. Aka ɗauke allurai aka sa a saman bango. Da ta ce a mai da ita ɗakinta na Magajiya, aka ce an zuba dawa a ciki. Haka ta zauna a Bagama, ana ajiye mata tuwo a gefe, ana hira a kanta kamar ba ta wurin.

Asibi kuwa aikinta ya ci gaba, don mutuwa ba ta yanke ba. Ta yi ƙiba, ta yi furfura, ta sa aka yi mata sabuwar danga. Sai da bargunan kanti suka cika kasuwa, 'yan mata suka daina tara tsumma, sannan ƙunshin ya fara ja baya. Ko a lokacin ba ta rasa na juyawa ba, tsofaffi na nan suna tafiya da ɗai-ɗai.

Ana ta maganar Turawa za su tattara su tafi, wata rana da la'asar, wata mace ta yi sallama. Ta rame, ta tsufa kafin lokacinta, sai da ta matso Asibi ta gane Asama'u ce. Ba ƙunshi a kanta. Ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Iya, Inna ta rasu. Shekaranjiya. Na aiko Magajiya, ba wadda ta zo. Maiturare cewa ta yi sau nawa za su je Bagama, ai sun riga sun yi."

Asibi ta tsai da keken. Ta ɗaga kai tana lalube a cikin ƙwaƙwalwarta, kuma ba wasa take ba, ba zolaya ba ce. Da gaske take lalube.

"Wace Inna?"

"Luba, Iya."

"Luba," in ji Asibi a hankali. Ta gyara yadin da ke ƙarƙashin allura. "Ashe tana nan."